Neman kalma: dutsen da ke yawo a sama da wutar da rana ke fesowa

Mai Shirin Safe, Sabon Gari: Assalamu alaikum malamai. Jibi da safe nake da shiri a rediyo, kuma tun makon jiya saƙonnin masu sauraro magana ɗaya suke yi: wai rana ta fara aman wuta, wai wani dutse ya nufo duniya, ko kiyama ce ta zo? Wata uwa ta ce ta hana 'ya'yanta fita da tsakar rana. Kalmomi biyu nake nema, asteroid da solar flare. In na faɗe su da Turanci tsoron ƙaruwa zai yi. Gobe da la'asar zan miƙa rubutun, ku taimaka.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam Malama. Na farkon ki ce "dutsen sarari". Dutse ne ko ƙarfe da ke kewaya rana, akasarinsu can tsakanin duniyoyin Mirrihu (Mars) da Mushtari (Jupiter) suke. Na biyun kuwa abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai hasken da ke tashi farat ɗaya, cikin kusan minti 8 ya iso mu, shi zan kira "walƙiyar rana". Akwai kuma tururin da rana ke watsowa, wanda kan yi kwana 1 zuwa 3 a hanya, shi ne "feshin rana". Kowace shekara 11 ko kusa da haka abin kan yi yawa sannan ya lafa. A Oktoban 2024 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sanar cewa an kai ganiyar wannan zagayen, shi ya sa labarin ya cika wayoyi.

Hajiya, Ƙofar Doka: To me ya hana a ce tauraruwa mai wutsiya? Kowa ya san ta.

Ɗan Samaru: Hajiya, waccan ƙanƙara ce da ƙura, zafin rana ke fito mata da wutsiyar. Ban da haka, Malama na faɗin ta mai sauraro zai ƙarasa mata da "ganinki ba alheri ba". Tsoron da ake son kashewa an hura shi ke nan.

Baba Mai Ritaya, Tudun Wada: "Sarari" ai filin Idi ma sarari ne. Dutsen sarari ɗan makaranta zai ɗauka dutsen da ke tsakiyar fili ake nufi. Tun ina aji nake koya wa yara "tsakuwar falaki", kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa. Falaki kalma ce da malamanmu suka sani tun kafin Bature ya zo. Ku sa tsakuwar falaki a huta.

Bakano a Kongo, Zariya: Allah ya ja kwana Baba, amma tsakuwa fa? Dutsen nan mai suna Apophis da zai gifta mu ranar 13 ga Afrilun 2029 faɗinsa kusan mita 340 ne, filin ƙwallo uku a jere. Ni dai a ce "astaroyid" kawai, yadda muka ce mota da rediyo. Kuma Zazzagawan da ke cewa "rana ne" su ne za su raɗa wa rana kalma?

Baba Mai Ritaya: Yaro, kama bakinka. A garin nan na Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Hausar bokon da kake rubutawa a nan Tudun Wada aka goge ta, kakanninka suna jiran jarida ta iso musu a jirgin ƙasa. Mota mun ara don ba mu da ita. Sama kuwa tun fil'azal tana bisa kanmu, mun raɗa wa Zara suna, mun raɗa wa Gamzaki, mun ce Kaza da 'Ya'yanta. Yau a ce dutse ya gagare mu?

Bakano a Kongo: Ban raina Zazzau ba Baba, a nan nake karatu. Amma je ka tashar Kwangila ka ce "falaki" ka ga direba nawa zai gane.

Baba Mai Ritaya: In bai gane ba a koya masa. Aikin rediyo ke nan.

Mai Shirin Safe: Don Allah a dawo kan magana, lokaci na tafiya.

Malam na Zaure, Cikin Gari: Wasu sun turo mini cewa a sa "shihabi". Ban goyi baya ba. Shihabi shi ne hasken da ake gani yana zubowa da dare, kuma kalmar Alƙur'ani ce mai ma'anarta, kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Malama, abin da nake roƙo ki faɗa shi ne wannan: sanin Sa'a na Allah ne shi kaɗai, haka yake a Suratul A'araf. Mun yi imani kiyama za ta zo, alamominta suna cikin hadisi, har da fitowar rana daga yamma. Amma duk wanda ya ɗauko hoton NASA ya yanka wa tashin duniya rana, ya faɗi abin da bai sani ba.

Mai Shirin Safe: Allah ya gafarta Malam, da wannan zan buɗe shirin.

Ɗan Samaru: Ki haɗa da tarihi, shi ke kwantar da hankali. Feshin rana mafi ƙarfi da aka rubuta na 1859 ne, wayoyin tangaraho ya lalata. Na Maris 1989 ya ɗauke wutar lardin Kebek a Kanada na awa 9. Na Mayun 2024 shi ne mafi ƙarfi tun 2003, ya zo ya wuce, mu a nan ba mu ma ji ba. Wutar lantarki da taurarin ɗan Adam yake taɓawa, maganaɗisun duniya da iskarta suna kāre jikinmu. Uwar nan ta bar yaranta su fita. Dutsen ma ba baƙonmu ba ne. A Oktoban 1962 wani mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo gona a Zagami ta ƙasar Katsina, dab da manomin, daga baya aka gano daga Mirrihu ya ɓallo. Ba na cewa babu haɗari: na Chelyabinsk a Rasha a 2013 ya raunata kusan mutum 1,500, yawancinsu gilashin taga ne ya yanke su. Amma ana bibiyar manyan. Apophis zai wuce da tazarar kusan kilomita 32,000, kuma a 2022 kumbon DART ya daki wani dutsen da gangan har ya sauya masa tafiya.

Hajiya, Ƙofar Doka: "Walƙiyar rana" ba ta kwanta mini ba. Walƙiya ta damina ce, manomi zai zaci maganar ruwa ake yi. "Tartsatsin rana" fa?

Bakano a Kongo: Tartsatsi ya yi ƙanƙanta, amma ya fi walƙiya.

Mai Shirin Safe: To ga abin da na rubuta. "Dutsen sararin samaniya", in cika shi don kawar da ruɗanin da Baba ya hango. "Feshin rana" na ɗauka. Tsakanin walƙiya da tartsatsi zan faɗi duka biyun a karon farko, in ji wadda masu kira za su maimaita.

Baba Mai Ritaya: Kalma uku a wurin da biyu suka isa. Ki yi shirinki 'yata, zan saurara. Amma ko sau ɗaya ne ki ce "wasu na kiran sa tsakuwar falaki".

Mai Shirin Safe: Sau ɗaya Baba, in sha Allahu.