Lamba Huɗu da Gwiwar Hagu: Musayar Waƙa kan Bobby Orr

Ɗanfagge (Toronto):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya aiki ya kai ni Parry Sound, wani ɗan gari a bakin ruwa, arewa da Toronto. A nan aka haifi Bobby Orr, ɗan wasan hokin ƙanƙara, ranar 20 ga Maris 1948, har gidan tarihi suka yi da sunansa. Ga wanda bai san hokin ƙanƙara ba: mutum shida-shida ake yi, gola ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, ana sulu ana kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Orr ɗan baya ne da ya buga wa ƙungiyar Boston. Na fito daga wurin da baitoci a bakina. Ƙafiyata "ra", mai iyawa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Waƙar yaron da ya zo da baiwa,
Garinsu sanyi yana da yawa,
Kogi kan daskare ya zam ƙanƙara.

Yana ɗan mitsitsi aka hango shi,
Mutanen Boston suka biyo shi,
Yana sha huɗu Oshawa ta ɗauko shi,
Ya shiga ƙarti, ya baro yara.

Yana sha takwas ya sanya riga,
Lamba huɗu, gari na leƙo ta taga,
An ajiye shi ya tsare raga,
Sai ga shi can gaba ya je ya zura.

Ya ɗauko faifai daga bayan ragarsa,
Ya ratsa biyar ba mai taɓa rigarsa,
Sanda a hannu, iska a bayansa,
Gola ya hango shi, ya rasa dabara.

Malam Sabo (Zariya):
Wa'alaikumus salam. Ban taɓa taka ƙanƙara ba, amma na buga lamba biyar a tamaula shekara da shekaru, har gwiwata ta dama ta tsayar da ni. Saboda haka ina da ta cewa a sha'anin 'yan baya.

Ɗana, yabonka ya yi armashi,
Amma mai gadi, ina aikin shi?
In ya bar ƙofa a buɗe bayan shi,
Ɓarawo ya shigo, wa zai kora?

Mu da muka tsare baya a tamaula,
An ce mu zauna, gida mu kula,
Ka haura layi ka sha bulala,
Ɗan baya da yawo? Sai dai a gyara.

Hajjo (Boston):
Baba Malam, barka da war haka. A garin nan nake aiki, kuma kusan kullum ina wuce mutum-mutuminsa da aka kafa a 2010 a gaban filin TD Garden. An ƙera shi kwance cikin iska, hannuwa a miƙe, baki a buɗe, da hunturu dusar ƙanƙara kan taru a gadon bayansa. Tsoron da kuke yi wa ƙofa akwai lissafinsa. Suna ƙirga ƙwallayen da ƙungiya ta ci da waɗanda aka zura mata lokacin da ɗan wasa yake cikin fili. A kakar 1970 zuwa 1971 Orr ya fita da rarar 124, kuma har yau babu wanda ya kamo shi. A kakar nan maki 139 ya tara, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci.

Baba Malam, da izini zan tanka,
Mai gadin nan kayan yake ɗauka,
Ya zaga da su cikin fili duka,
Ɓarawo ya bi shi har ya gaji ya haƙura.

Kambun gwanin baya sau takwas a jere,
Babu ɗayan da ya kuɓuce ya tsere,
Na yawan maki sau biyu ya ɗare,
Ɗan baya bai taɓa ba, kuma ba a ƙara.

Goma ga Mayu, cikin ƙarin lokaci,
Shekara 29 Boston na takaici,
Sakan 40, Sanderson ya miƙa, Orr ya ci,
Aka harɗe shi, ya tashi kamar tattabara.

Wannan tashin ne aka ƙera. Ranar ce ta 1970 da suka doke St. Louis suka ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, na farko tun 1941. Sun sake ɗauka a 1972 a hannun New York Rangers, kuma duka biyun shi aka zaɓa gwarzon wasannin kofin.

Malam Sabo (Zariya):
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na sauya ƙafiya zuwa "wa", domin abin da zan tambaya da ita yake ƙarewa.

'Yata, na karɓi hujja, na sauko,
Amma ki tambayo min labarin gwiwa.
Mai ratsa ƙarti da gudu kullum,
Ƙafarsa ke biyan kuɗin wucewa.
Ni tawa ta dama, in hadari ya haɗo,
Ita ke fara gaya min za a yi ruwa.
In na yi sujada sai na dafa bango,
Shi tasa yaya take wajen tasowa?

Mai Gashin Ƙashi (Jos):
Baba, wannan fagena ne, aikina ke nan a asibiti, gasa gaɓoɓi da koya wa ƙafa tafiya bayan tiyata.

Baba, ta hagu ce ta sha wuƙa,
Sama da sau goma ana yankawa.
Zamanin aikin ɗan huda bai yaɗu ba,
Buɗe ta ake, a kwashe guringuntsi, a bi da ɗinkewa.
Har ƙashi ya koma yana gugar ƙashi,
Turmi da taɓarya ba hatsin dakawa.
Kanada ta kara da Sobiyet a 1972,
Yana zaune gefe, ba damar bugawa.
A 1976 ya ɗaure ta ya sa rigar ƙasa,
Gwarzon gasa ya zama, da ƙyar yake takawa.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne yadda faɗuwar ta zo. A kakar 1974 zuwa 1975 ya ci ƙwallo 46, ya tara maki 135, ya fi kowa a gasar. Kakar da ta biyo wasa 10 kacal ya buga. Ya koma Chicago ya yi wasa 26 cikin shekara uku, a Nuwamba 1978 ya ajiye sanda yana ɗan shekara 30. Na sha riƙe irin wannan gwiwa a hannuna. In ka lanƙwasa ta, ƙarar kake ji a tafinka kafin kunnenka ya ji.

Malam Sabo (Zariya):
Ka ji ko? An gaya min Ray Bourque, wanda ya zo Boston a 1979, kaka 22 ya buga yana ɗan baya.

To ni da za a ba ni zaɓi tsakaninsu,
Na san inda hannuna zai yi nunawa.
Aci-balbal mai kai asuba ta fi min
Walƙiya mai haske da saurin gushewa.

Ɗanfagge (Toronto):
Baba, walƙiyar ce ta haska hanya,
Na bayansa da ita suka ga wurin takawa.
Coffey, ɗan bayan da ya ci 48 a kaka guda,
Ƙofar da Orr ya ɓalle ya bi yana shigewa.
Wasa 657 Orr ya yi, maki 915,
Ku auna da kanku, ba ni ke ƙarawa.

Alhaji Ɗan Zongo (Kumasi):
Malam, 'ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ni ɗan kasuwa ne, abin da ya tsaya min a rai ba gwiwar ba ce kaɗai. Mutumin nan a 1971 ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan ɗaya na shekara biyar, irinsa na farko a gasar. Komai nasa yana hannun wakilinsa, Alan Eagleson. Da kwantiragin ya zo ƙarshe Boston ta yi tayin ba shi kashi 18.5 cikin ɗari na mallakar ƙungiyar, Orr ya ce wakilin bai gaya masa ba, shi ya sa ya tafi Chicago yana ganin an gaji da shi. Da ya yi ritaya aka buɗe littafi, bashi ya fi dukiya. A 1998 Eagleson ya amsa laifin zamba a kotu, a Boston da Toronto, aka ɗaure shi. Tawa ƙafiyar "na".

Ka ba mutum mabuɗin rumbunka,
Ka tafi fagen fama ka bar masa amana.
Kana zub da gumi a kan ƙanƙara,
Yana auna hatsinka da tsakar rana.
Ka ɗauke shi yaya, uwa ɗaya uba ɗaya,
In ya ce gabas, ba ka neman wata magana.
Wuƙar likita a gwiwa ta tsaya,
Ta wannan a zuci take, tana ta ƙuna.
Na yi shekara arba'in ina saye da sayarwa,
Labarin nan ya hana ni barci da kwana.

Hajjo (Boston):
Baba Alhaji, akwai abin da zai ɗan sanyaya muku rai. Cekin albashin da Chicago take ba shi bai kai banki ba. Ya ce don ya buga ake biyansa, ba zai ci kuɗin wasan da bai yi ba. Ranar 9 ga Janairu 1979 Boston ta jingine lamba huɗu, ba mai sake sa ta. A shekarar aka shigar da shi zauren gwarzayen hoki yana da shekara 31, aka yafe masa jiran da ake yi.

Baba, aljihunsa na neman kwabo,
Ga takardar kuɗi an rubuta da suna.
Ya ninke ta ya ajiye bai taɓa ba,
Wai bai yi noma ba, ba zai ci daga gona.
Daren da ya dawo aka ɗaga rigarsa,
Tafi ya ƙi tsayawa, aka rasa yin magana.
Wata tsohuwa a wurin aikinmu tana ciki ranar,
Har yau in ta faɗa sai idonta ya kawo ruwa, ta zauna.

Malam Sabo (Zariya):
Kwana biyu ban leƙo ba, ina ta juya maganganunku. Zancen cekin nan ya shige ni. Har yanzu ina tare da aci-balbal, Ɗanfagge, kada ka ce ka kayar da ni. Amma ga abin da ya faru jiya, na mayar maka da ƙafiyarka.

Jikana na buga baya a filin unguwa,
Kullum ina ce masa ban da haurawa,
Jiya ya ga fili, ya waigo yana dubawa,
Na ɗaga masa hannu na ce je ka zura.

Ya ruga ya buga, ƙwallo ta fita,
Ya dawo yana haki na ce ya huta,
Na duƙa ƙafarsa ina duba ta,
Na shafa gwiwar, na kaɗe mata ƙura.