Ɗaga Hilux Vigo da ƙara mata sifirin: ina ne iyaka?

Mai Vigo:
Assalamu alaikum masana. Hilux Vigo ce, ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, mai ja da ƙafa huɗu. Kullum akwai kaya kusan kilo 400 a bayanta: tankin ruwa na lita 200, akwatin kayan aiki da janareta. Bayan ya zauna, kan gargada kuma aksul na dukan robar tsayawa. Ina so a ɗaga ta inci 4, a sa taya 285/75R16. Mai walda ya ce zai gasa sifirin da wuta ya ƙara masa lanƙwasa, ya kuma tsawaita shakul, wato ƙarfen da ke riƙe ƙarshen sifirin na baya da shasi. Ya kuka gani?

Usta Sifirin:
Wa alaikumus salam. Maigida, kada a kai wuta kusa da sifirin nan. Ƙarfe ne da aka yi wa tauri a masana'anta, da zarar ya yi ja taurin ya tafi. Zai ɗaga motar na ɗan lokaci, sannan ya kwanta fiye da da, ko ya karye daidai inda aka gasa. Walda a jikin ganyen sifirin ma haka take.

Motarka ƙarfin ɗaukar lodi take nema, tsayi zai biyo baya. A kwance sifirin duka biyun, a duba babban ganye kusa da ido da wajen ramin tsakiya, nan yake fara tsagewa. In lafiya yake, a ƙara ganye ɗaya a kowane ɓangare, mai faɗi daidai da na asali, a jera shi bisa tsawonsa, kada a cusa gajere mai kauri a ƙasa don zai sa motar ta riƙa buga baya in babu kaya. In akwai hali, saitin da aka ƙera don lodin dindindin, irin na kamfanin Old Man Emu ko Dobinsons, ya fi.

A sa santa bol sabo, wato bol ɗin tsakiya mai haɗe ganyayen, mai tsawon da zai kama ƙarin ganyen. Yu-bol masu ɗaure sifirin da aksul ma sababbi, tsofaffin sun riga sun miƙe. A ɗaure su a gicciye, a sake bin su bayan kilomita 500. In suka saki, santa bol ne zai guntule, aksul ya goce, motar ta fara tafiya a karkace. Notin bushin kuwa sai an sauke ta daga jak nauyinta ya zauna kafin a matse, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage.

Shakul: ƙarin milimita 50 a tsawonsa milimita 25 kawai yake ɗagawa, ga shi yana karkatar da bakin aksul. Ni ban ba ka shawararsa ba.

Injiniya Gaba:
Inci 4 ya yi yawa, Malam. Gaban Vigo kowace taya da hannuwanta, sama da ƙasa. Ka tsaya a milimita 50, wato inci 2. Ka wuce haka, dirabin shaf zai tsaya a tsaye da yawa, robarsa ta yage, giris ya fice, sai ƙas-ƙas a kwana. Bol joyin na sama ma zai kai maƙura, kuma ranar da ya fice taya kwantawa take yi. In zoben ƙari za a sa a kan shokazoba, a sani na milimita 25 yana ɗaga gaba kusan 50.

Abu biyu da ake yawan mantawa. In motar ba ta da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, akwai bawul a baya mai auna lodi yana raba ƙarfin birki. An ɗaga baya ba a ɗaga maƙalarsa daidai gwargwado ba, birkin baya zai yi sanyi. Sannan a ɗaga shasi har tayoyin baya su yi reto, a ga ko tiyon birki ya ɗame. In motar ta fara karkarwa wajen tashi, a sauke boris ɗin tsakiyar farfela kamar milimita 10. Alaimen dole ne bayan an gama.

Taya kuma, 265/75R16 ta ishe ka. Tsayinta kusan milimita 804 ne, ta 285 kuwa 834, kuma ta 285 ɗin za ta riƙa gogar mazaunin bodi in ka karya sitiyari.

Mai Vigo:
Na gode, Usta da Injiniya. To shasi fa? Akwai 'yar tsaga kusa da kunnen gaba na sifirin baya, ɓangaren hagu.

Oga Walda:
Wannan ce ta farko kafin komai. A cire kan batir, a sauke tankin mai in yana kusa, a kawar da tiyo da wayoyi, a maƙala ayas dab da wurin aiki. A huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a fafe ta da garanda, a cike da ilektirod 7018 busasshe, ba 6013 na ƙofa da taga ba. A goge ya yi sumul.

Sai a ɗora faranti mai kaurin milimita 3 zuwa 4, kusa da kaurin shasin. A yanka shi kamar kwale-kwale, bakinsa biyu a tsuke, ya wuce tsagar da milimita 100 kowane gefe. Faranti mai kusurwa huɗu da walda a tsaye daga sama har ƙasa sabuwar tsaga yake haifarwa a gefensa. A yi waldar kaɗan-kaɗan ana barin ƙarfen ya huce da kansa, kada a watsa ruwa. Duk bol ɗin da za a sa a duba lambar ƙarfinsa da ke kansa, ta zama 8.8 ko 10.9, sannan a shafa fentin hana tsatsa ciki da waje.