Wai me za mu kira chokepoint da Hausa?

Mai tambaya: Salam jama'a. Chokepoint a Turanci shi ne siririyar hanyar ruwa da in ta toshe cinikin duniya zai ji a jikinsa, kamar Hormuz. Gidajen rediyo sun saba cewa mashigin Hormuz kuma daidai ne, amma mashigi siffar wurin kawai yake faɗa, bai nuna haɗarin ba. Ruwa ne tsakanin Iran da Oman, inda ya fi matsewa bai kai kilomita 40 ba, hanyar jiragen ma kamar kilomita 3 ce shiga 3 fita, amma a 2024 ta nan gangar mai wajen miliyan 20 ke wucewa kullum, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha, ga kuma iskar gas ta Qatar. Wace kalma ce za ta ɗauki wannan nauyin?

Wata daga Damagaram: Matsatsi mana yaya, ai muna da ita tun tuni.

Mai tambaya: Ƙanwata matsatsi ko lungun unguwa ma matsatsi ne, ba wanda zai ji tsoro.

Ɗalibin jami'a: Ni na ce mashaƙa, daga shaƙewa, wurin da ake shaƙe ciniki.

Ma'aikaciyar jinya: Don Allah a'a!! Da ka ce mashaƙa kunnen mutane mashaƙo zai ji, cutar da ta addabi yara a Kano a 2023. Maƙura ma kar a kawo ta, tana da aikinta.

Malamin Hausa: Toh ku gwada maƙogwaro. Siriri ne, komai ta nan yake bi, kuma ba sai an yanke shi ba, a ɗan matsa kawai jiki duka ya ji. Haka abin yake a teku, ko ba a rufe hanya ba, da an fara barazana kamfanonin inshora sun ƙara kuɗi, masu jirage sun fara jan ƙafa, farashin ganga ya tashi tun kafin digo ɗaya ya ragu. Man Hormuz yawanci Asiya yake tafiya, Chana, Indiya, Japan, Koriya ta Kudu, amma kasuwar ɗaya ce, mu nan tunda aka cire tallafi a 2023 a gidan mai muke jin labarin.

Ɗalibin jami'a: Allah gafarta malam ina da ja. Maƙogwaro ba shi da madadi, amma da jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suez na Masar kwana 6 a Maris 2021, da kuma lokacin da 'yan Houthi na Yemen suka fara kai hari a Bab el-Mandeb, mashigin Bahar Maliya, ƙarshen 2023, ai jirage zagayawa suka yi ta ƙasan Afirka ta Kudu.

Malamin Hausa: Sun zagaya ɗana, da ƙarin kwana goma ko fiye da kuɗin mai da na ma'aikata, kuma mai sayen kaya ne ya biya. Hormuz kuwa babu zagaye ta ruwa sam, sai bututun man Saudiyya zuwa tashar Yanbu da na Daular Larabawa zuwa tashar Fujairah, waɗanda ke wajen mashigin, su ma ba za su kwashe duka ba. Kuwait da Qatar kam ba su da wata ƙofa.

Mai tambaya: Shikenan, mashigi ya zauna a sunan wuri, maƙogwaron teku kuma in ana maganar haɗarinsa ga ciniki. Malam jam'in fa, maƙogwarai ko maƙogwarori?

Malamin Hausa: Maƙogwarai ya fi sauƙi a baki, da shi zan rubuta.