Za a kai mu bakin teku aikin fili, amma takardar duk maganar laka ce

Ummi_B: Assalamu alaikum. Mun gama darasin dabbobin teku masu shayarwa, mako mai zuwa za a kai mu bakin teku. A aji mun karanta cewa dolfin da huhu yake numfashi, ta kafar da ke saman kansa, kuma nono yake ba ɗansa. To amma takardar da malama ta raba mana ba komai sai laka, ciyawar ruwa da awon gishiri. Ni fa dolfin nake son gani. Haka abin yake?

Mai_Lura: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Haka yake. Sai ki wuni a kwale-kwale, abin da za ki samu bai wuce ganin bayansa ba, ya ɓullo ya shaƙi iska ya nutse. Shi ya sa ake ɗaukar hoton fiffiken bayan nan, don kowanne da irin yanka da tabon da ke gefensa, da su ake bambance wannan da wancan. A Sarasota ta jihar Florida a Amurka, tun 1970 ake bibiyar dolfin ɗin wurin, har an san uwa da 'ya da jika. Ki rubuta lokaci da wuri da adadinsu. Ranar da ba ki ga komai ba ma ki rubuta, ita ma lissafi ce.

Tsohon_Ɗalibi: Kada ki raina lakar nan. Cikin saiwoyin mangurof, wato bishiyoyin da ke tsirowa a lakar bakin teku, ƙananan kifaye ke fakewa har su yi ƙwari, su fito dolfin ya samu na ci. Ayu kuwa ciyawar ruwa ce abincinsa, in ta mutu ya tashi daga wurin. Ki duba jadawalin cikowar teku tun da dare, don kullum tana jinkirtawa da kusan minti 50, kuma in ta taso ba ta jira ki gama ƙirga. Fensir za ki riƙe, biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda.

Mai_Lura: Na manta, ban da ba su abinci, ban da binsu da kwale-kwale. A Amurka dokar kare dabbobin teku masu shayarwa ta 1972 ta haramta takura musu.

Ummi_B: Na gode, yayyena. Wayata za ta iya ɗauko fiffiken, ko sai na aro kyamara?

Tsohon_Ɗalibi: Aro. Daga nesa, waya ɗigo kawai za ta nuna miki.