Wai laifi ne don na ɗauki Sankara gwarzona?

Dan_Tasha:
Salam 'yan uwa. Ni dai duk cikin shugabannin Afirka babu wanda ya kwanta min a rai irin Thomas Sankara, hotonsa ne ma akan wayata da jar hular nan tasa ta soja, har abokaina suna min tsiya wai na maida ɗan juyin mulki waliyyi. Mutumin nan yana da shekara 33 ya karɓi mulki a 1983, ya canza wa ƙasar suna daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso, ya sayar da marsandin gwamnati yace ministoci su hau Renault 5, 'yar ƙaramar mota mai araha. To wai meye laifina a nan?

Maman_Ilham:
Babu laifi ƙanena, ai ni abinda ya fi burge ni dashi ba maganar mota bace. A 1984 cikin 'yan makonni aka yiwa yara sama da miliyan 2 rigakafin ƙyanda da sanƙarau da shawara, duk uwar da ta taɓa kwana a zaune da yaro mai ƙyanda ta san darajar wannan. Ya hana auren dole da kaciyar mata, ya saka mata a gwamnati, kuma yace ma'aikata su riƙa saka faso dan fani, saƙin gida na audugarsu, don masaƙa su samu ciniki.

MalamNaMaradi:
Ɗana ka so shi amma ka so shi da idonka a buɗe. Mu maƙwabtansu ne, kuma ni malamin makaranta ne shi yasa abin yake min ciwo, a watan Maris na 1984 malaman firamare suka shiga yajin aiki aka kori sama da 1,000 a lokaci guda, aka kawo waɗanda ba su da horo aka zuba a azuzuwa, yaran talakawan da yake wa faɗa su suka kwana a ciki. Ga 'yan CDR, kwamitocin kare juyin juya hali da ya kafa, samari da bindiga a unguwa, wasu gyaran hanya suke da dashen itace tsakani da Allah wasu kuwa sun samu damar rama tsohuwar gaba. Kotunan jama'a da ya kafa ma babu lauya, kai zaka kare kanka ana sakawa a rediyo. Ga yaƙin da suka gwabza da Mali a Disambar 1985 akan yankin Agacher.

Dan_Tasha:
Na ji Malam, na malaman nan kam ba daɗi. Amma wanda ya gaje shi fa? An harbe Sankara ranar 15 ga Oktoba 1987 shi da mutum 12, amininsa Blaise Compaoré ya hau yayi shekara 27, sai 2022 kotun soja ta yanke masa ɗaurin rai da rai shi kuwa yana zaune abinsa a Kodebuwa.

MalamNaMaradi:
Ai ban ce Blaise ya fi shi ba, ko kusa. Cin amanar da aka masa baya goge korar malaman nan dai. Ka nemi jawabinsa na Addis Ababa na Yulin 1987 akan bashin ƙasashen waje ka saurara, akwai shi a YouTube, da Faransanci ne amma in ka rasa mai fassara ka min magana.