Wasan tilo na rangadi: sunan da na tsaya a kai

Jama'a, barkanmu da warhaka. Kwana uku ke nan da na roƙe ku kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira solo touring theatre, wato wasan kwaikwayon da mutum ɗaya ke yi yana zagayawa da shi gari gari, kuma na karanta duk abin da kuka kawo. Ga inda na tsaya.

Bari in fara da abin da idona ya gani, don suna ba ya zama sai an san mai shi. A wani ƙauyen bakin teku a arewacin Sukotlan ne, cikin zauren taron gari. Mu wajen arba'in a kan kujerun roba, ana ta zuba shayi a bayanmu. Mace ɗaya ta shigo da akwati da fitilu biyu da wata fata mai toka-toka. Labarin selki ta kawo, wanda mutanen tsibiran Orkney da Shetland suka gada: dabbar teku ce mai kama da ayu, takan tuɓe fatarta a bakin gaɓa ta zama mace. Masunci ya ɓoye fatar, ya aure ta, suka haifi 'ya'ya, ranar da ta gano maɓoyar ta koma ruwa. In mai wasan ta yafa fatar ita ce selki, in ta cusa ta ƙarƙashin kujera ta kumbura murya ita ce masuncin, in ta durƙusa ita ce ƙaramar 'yar da ta tona asirin. Wani dattijo kusa da ni har yana share ido da hularsa. Washegari ta ɗora kayanta a mota ta kama jirgin ruwa zuwa wani tsibirin.

Hajiya, ke kika ce ai tatsuniya ce kawai, a bar ta haka. Gaskiyarki rabi. Abin da ke ciki tatsuniya ne da almara, kuma mutanen Sukotlan ma suna da hirar dare irin tamu, wadda a harshensu na Gelik ake kira keili, asalin ma'anarta ziyara: maƙwabta su taru gida ɗaya ana labari ana waƙa. Tun 1951 Jami'ar Edinbara ta kafa sashen da ya riƙa bin ƙauyuka yana naɗar muryoyin masu wannan hira. Amma tatsuniya a wurinmu ta kaka ce, tana zaune a tabarma, ta ce ga ta nan ga ta nanku, jikoki su amsa. Ba a sayen tikiti, ba a haska mata fitila. In na ce wa mutum za ni kallon tatsuniya, ban gaya masa akwai ɗan wasa a tsaye ba.

Malam kuma ya kawo 'yankamanci, Allah ya ƙara basira, don shi ya fi kusa. Ɗan kama yana yawo gari gari, shi kaɗai yakan sauya murya ya zama malami ya zama almajiri. Sai dai jarinsa ban dariya ne da zancen tuwo da miya. Wanda ya ji sunan zai zo da shirin ƙyaƙyatawa, ya tarar da uwa tana barin 'ya'yanta a bakin ruwa. Bai dace mu ari sunan sana'ar mutane mu ɗora wa abin da ba ita ba.

"Wasan kaɗaici" ban karɓa ba, domin kaɗaici ciwo ne, ita kuwa matar nan zaure cike take kallo. "Wasan mutum ɗaya" daidai ne, yana dai da tsawo a baki.

Tilo na zaɓa. Muna cewa ɗa tilo, 'ya tilo, kowa ya san guda ne babu na biyu, kuma akwai daraja a cikin kalmar. Wasan tilo. Ku faɗa da baki ku ji yadda yake zama.

Ɗaya ɓangaren shi ya fi ba ni aiki. Da yawa kun ce yawo. Amma Bahaushe in ya ji yawo, hankalinsa na tafiya ga yawon banza da gantali. Wannan tafiya kuwa tsararriya ce: watanni kafin ranar, 'yan sa-kai na kowane ƙauye sun kama zaure, sun liƙa takarda a kanti, sun tanadi masauki. Tafiyar da aka san ranar isowa kuma masu masauki ke jira, rangadi sunanta. Yayana ya ce rangadi na sarakuna da hakimai ne. Haka yake a da, amma yau ministoci da ƙungiyoyi duk rangadi suke yi, kunne ya saba.

Kuma a Sukotlan rangadin nan yana da nauyi. A 1973 wata ƙungiyar wasan kwaikwayo mai suna 7:84 ta zagaye zaurukan ƙauyukan tsaunukan arewa da tsibirai da wasa kan yadda aka kori manoma daga gonakinsu don a yi kiwon tumaki, har zuwa zamanin man fetur. Da siffar keili suka yi shi, a ƙarshe a ture kujeru a yi rawa. Su ƙungiya ce ba tilo ba, amma hanyar da masu wasan tilo ke bi yau ita ce. Ko gidan wasan kwaikwayo na ƙasar, wanda ya fara aiki a 2006, ba shi da dandamali nasa na dindindin, shi ke zuwa inda mutane suke.

Don haka ni dai daga yau haka zan rubuta: wasan tilo, mai yin sa mai wasan tilo, in yana zagaya ƙauyuka a ce wasan tilo na rangadi. Jiya na gwada shi a kan gwaggona ta waya, na ce mata na taɓa kallon wasan tilo na rangadi kan almarar wata 'yar ruwa. Ba ta tambaye ni ma'anarsa ba. Cewa ta yi, to 'ya'yan fa, wa ya riƙe su?