Wa ya taɓa neman 'yar masu kuɗi alhali shi ɗan neman na abinci ne?

Makanike, Bukoki: Salamu alaikum 'yan uwa. Gyaran mota nake yi a Yamai. Wata yarinya 'yar unguwar Kwara Kano ta kawo mini motarta sau 3 cikin wata guda, na ukun ma na duba ban ga abin da ya lalace ba. Mahaifinta ya rasu bara, ya bar musu gidaje da shaguna a Babbar Kasuwa. Shekaranjiya ta ce in turo magabatana. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya ba mu labari.

Ɗan Adar: Na shiga, ina ciki ma, shekara 9 ke nan. Kabu-kabu nake yi a Tawa lokacin, ni ke kai ta lakwal. Ubanta albasa yake lodi daga Galmi zuwa Abijan. Sadaki bai ba ni wahala ba, jikka 50 ne, kawuna ya biya, Alhaji bai ce uffan ba. Gwaggwanninta ne masifa. Ranar buɗe lefe ɗaya ta ɗaga turmin atamfa da yatsu biyu ta ce, "Wannan a kasuwar Lahadi aka tsinto ta?"

Amma abin da ya kusa kashe auren gida ne. Alhaji ya ba ta gida, ni kuma da wautata na kwashi kayana na tare. Kafin wata 3 har yaran majalisa sun sa mini suna mijin Hajiya. Wata rana mai kawo takardar wuta ya tarar da ni a ƙofa ina wanke babur, ya ce, "Yaro, maigidan na ciki?" A satin na kama hayar ɗaki biyu. Ta yi kuka ba kaɗan ba, ga zafin Afrilu, ga rufin kwano, amma ta biyo ni. Gidan nata yanzu haya take ba shi, ban taɓa tambayar nawa ake biya ba.

Maman 'yan biyu, Yantala: Ku maza kullum naku kuke gani. Ni ce 'yar masu kuɗin, tela na aura, da kaina na ce shi nake so. In na sayi nama da kuɗina ba ya ci, sai ya ce ya ƙoshi, ya fita ya sayi shinkafa da wake. Na ce in sai masa keken ɗinki sabo, ya yi kwana 4 ba ya yi mini magana. Ƙarshe ya tafi ci-rani Libiya wai sai ya kamo ni. Takardar sakina ta WhatsApp ta zo.

Malam, Konni: Na ɗaura irin wannan aure ba ɗaya ba biyu ba. Abin da nake gaya wa angwaye: Nana Khadija attajira ce, dukiyarta Annabi (SAW) ya kai fatauci Sham kafin aurensu. Gadon mace nata ne, ci da sha da tufafi kuma a wuyanka suke, gwargwadon ƙarfinka.

Mai shayi, Wadata: Ƙwarya ta bi ƙwarya, malam. Ni ko falo ban gani ba, maigadi ya sallame ni tun daga ƙofa.

Makanike, Bukoki: Na gode. Ɗan Adar, zan kira ka bayan isha'i. Yau ma ta kawo motar, amma wannan karon da gaske birki ne.